Gyaran Tsohon Babur a Gida Kafin a Kai ga Kwaskwarima

Yawancin waɗanda suka sayi tsohon babur da niyyar gyara shi da hannunsu, hankalinsu yakan fara tafiya ne kan fenti da sabuwar kujera da salansa mai ƙara, domin su ne abubuwan da ido yake gani kuma kunne yake ji. A nawa ra'ayin, duk wani sauyi da aka yi wa babur tun kafin a mayar da shi yadda kamfani ya ƙera shi, aikin lalube ne a cikin duhu, saboda wanda bai san yadda injinsa yake tafiya da lafiyarsa ba, ba shi da ma'aunin da zai gane ko sauyin da ya yi ya ƙara wani abu ko ya rage. Shi ya sa nake raba aikin gida biyu, gyara da farko, kwaskwarima daga baya, kuma ba na yarda su cakuɗe.

Abin da ya sa tsofaffin ƙananan babura suka dace da gyaran gida shi ne sauƙin ƙirarsu. Honda CG125, wanda ya fito a shekarar 1975 kuma kamfanoni da dama suka kwaikwayi injinsa, an ƙera shi ne musamman domin ya jure hannun mutanen da ba sa canza baƙin mai a kan lokaci. Silinda ɗaya gare shi, iska ce take sanyaya shi, bawul biyu ne kacal, kuma ana iya kwance yawancin sassansa da sifana masu lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17. Haka ma Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1958 kuma yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100 a 2017. Babur irin waɗannan ba ya ɓoye ciwonsa ga wanda ya iya sauraro.

Kafin na kwance noti ko ɗaya, nakan wanke babur ɗin fes, domin a jikin inji mai tsabta ne ake ganin inda mai yake tsattsafowa da inda ƙarfe ya tsage. Daga nan sai na ɗauki hoton kowane sashe da wayata, musamman yadda wayoyin lantarki suka bi da yadda wayar totur da ta kuloci suka ratsa ƙarƙashin tanki. Kowane rukuni na notuna yana shiga ledarsa da rubutu a jiki. Wanda ya taɓa zama da kusoshi masu tsawo daban-daban na murfin inji, yana tunanin wace ce ta wane rami, zai fahimci amfanin huda kwali a jera su kamar yadda suke a jikin murfin.

Akwai abu biyu game da kayan aiki da suke lalata tsofaffin babura fiye da tsufan kansa. Na farko shi ne sukudireba. Sukurorin baburan Japan masu kan gicciye ana yin su ne da ma'aunin JIS, wato ma'aunin masana'antun Japan, sau da yawa da ɗan ɗigo a kansu, kuma sukudireban Phillips da aka saba da shi ba ya zama daram a cikinsu, sai ya riƙa zamewa har ya cinye kan. Na biyu shi ne ƙarfin hannu. Jikin injin alminiyom ne, kusoshin kuma ƙarfe, don haka idan aka matsa fiye da kima zaren ramin ne yake tafiya. Ƙaramar kusa mai kaurin milimita 6 ba ta buƙatar fiye da wajen Nm 10 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), wanda ɗauri ne kaɗan ƙwarai idan aka gwada da abin da hannu yake so ya yi. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri tana cikin kayan da ban taɓa ganin asarar sayensu ba.

Injin fetur abu uku yake nema kafin ya tashi: matsi a cikin silinda, tartsatsin wuta a kan lokaci, da gaurayen mai da iska daidai gwargwado. Nakan bi su a wannan jeren, domin gyaran kabureta ba ya tsinana komai ga injin da ba shi da matsi. Idan aka taka kik a hankali aka ji ya wuce salalam ba tare da turjiya ba, to ko dai ringi ya cinye, ko bawul ba ya rufewa sosai. Sau da yawa laifin na tafet ne kawai, wato 'yar ratar da ke tsakanin bawul da ƙarfen da yake danna shi. Ana saita shi ne injin yana sanyi, fistin yana can ƙololuwa a bugun matsi, alamar T ta daidaita a tagar magineto, kuma a yawancin ƙananan injuna ratar tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya faɗa. Mutane suna ƙin ƙarar tafet, sai su matse shi har ya yi shiru, alhali tafet mai 'yar ƙara ya fi wanda ya matse aminci nesa ba kusa ba, domin bawul ɗin da ba ya zama a mazauninsa ba ya samun sauke zafinsa, ƙarshenta ya ƙone.

Filogi kuwa shi ne mai ba da labarin abin da yake faruwa a ciki. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa mai haske, gaurayen ya yi daidai. Baƙi mai kama da kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa, fari fat yana nuna mai ya yi kaɗan kuma injin yana zafi fiye da kima, jiƙaƙƙe da baƙin mai kuma yana nuna ringi ko robar bawul ta gaji, musamman idan salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi. Ratar bakinsa a irin waɗannan injuna takan kasance milimita 0.6 zuwa 0.7.

A kan kabureta nake ɓata mafi yawan lokacina, kuma a nan ne haƙuri yake biya. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye, fetur ɗin cikinsa yakan bushe ya bar danƙo a cikin ƙananan ramuka, kuma ƙaramin jet, ɗaya daga cikin 'yan bututun da fetur yake bi, shi ne yake fara toshewa saboda raminsa ya fi kowane ƙanƙanta. Alamarsa sananniya ce: babur ya tashi da cok, da an mayar da cok sai ya mutu, ko kuma ya ƙi tsayawa a sulo. Ya kamata a san cewa kowane sashe yana da yankinsa a murɗin totur. Ƙaramin jet yana aiki daga sulo zuwa wajen rubu'in murɗi, allura tana karɓa daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet kuma yana da sauran. Wanda ya lura da inda babur ɗinsa yake sarƙewa a murɗi ya riga ya san inda zai duba. Ba na tsokanar jet da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, domin tagulla ce mai laushi, kuma da ramin ya ƙaru ko da kaɗan ne, saitin ya lalace ke nan. Maganin wanke kabureta da iska mai ƙarfi sun isa. Sannan a leƙa cikin tanki da tocila, domin idan akwai tsatsa, duk wankin da aka yi zai koma banza cikin 'yan kwanaki. Robar da ta haɗa kabureta da inji ma takan tsage da tsufa ta riƙa shigar da iska ta ɓarauniyar hanya, sai sulo ya riƙa hawa da sauka ba gaira ba dalili.

Game da baƙin mai, a yawancin waɗannan babura mai ɗaya ne yake wanke inji da giya da kuloci, saboda haka wasu mayukan mota masu sinadarin rage gogayya suna sa kuloci ya riƙa sulɓewa. A nemi mai ɗauke da alamar JASO MA. Injin CG yana da 'yar rariya a bayan murfin zubar da mai, da wata matata mai juyawa a cikin murfin dama, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba, kuma takan cika da dauɗa mai kauri.

Inji ya tashi ba ya nufin babur ya isa hawa titi. Taya tana iya zama da zanenta cif amma robar ta ƙeƙashe, kuma lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefenta suna faɗin shekarunta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida nakan duba ta da idon zargi, wadda ta fara tsattsagewa a gefe kuwa ba na ma shawara a kanta. Idan birkin na ganga ne, a buɗe a duba kaurin takalmin, kuma kada a hura ƙurarsa da baki, domin tsofaffin takalman birki suna iya ƙunsar asbesto mai cutar da huhu. Idan na faifai ne, man birki yana shan danshi daga iska, don haka ake canza shi duk shekara biyu. Sarƙa tana son sassauci na wajen santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, kuma ana canza ta ne tare da fayafayan haƙoranta biyu, domin tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa da wuri. Ba a barin inji yana aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Sai bayan duk wannan nake kallon kwaskwarima, kuma sharaɗina shi ne sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta abin da aka gani, sannan a wuce gaba. Mafi araha kuma mafi saurin ji a jiki shi ne faifan haƙora na gaba. Sauka daga haƙori 15 zuwa 14 yana ƙara ƙarfin ja da wajen kashi 7 cikin ɗari, amma injin zai riƙa kuka sosai a doguwar tafiya. Hawa zuwa 16 yana kwantar da injin a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sai dai ya yi nauyin tashi da kaya ko a hawan tudu.

Salansa da matatar iska su ne inda aka fi yaudarar kai. Idan aka fasa cikin salansa ko aka cire akwatin iska, iskar da take ratsa injin takan sauya, gaurayen ya tsinke, wato mai ya yi kaɗan a cikinsa, kuma idan ba a ƙara girman jet ba, zafi yana iya kai wa ga huda fistin. Ƙara takan sa mahayi ya ji kamar gudu ya ƙaru, amma agogo ba ya yawan goyon bayansa. Ko faɗaɗa silinda daga milimita 56.5 zuwa 62, wanda yake mayar da injin CG daga cc 124 zuwa 149, amfaninsa a tashi da ɗaukar kaya yake. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ninkuwa kusan sau takwas idan gudu ya ninka sau biyu, saboda haka ƙarin ƙarfi na kashi 20 cikin ɗari ba ya ba da fiye da wajen kashi 6 a ƙarshen gudu, ga shi birki da kuloci suna nan yadda suke. Ƙasashe da yawa kuma suna da doka a kan ƙarar salansa da sauya girman inji ba tare da sabunta takardu ba.

Sauyin da nake ganin ya fi cancanta shi ne na lantarki. Mayar da tsohon tsarin ba filogi wuta na foyin zuwa CDI, wato akwatin lantarki mai yin wannan aikin, yana kawar da saitin da ake yi a kai a kai, kuma fitila mai haske tana da amfani kowane dare. Sai dai fitilar gaba ta tsofaffin babura da yawa tana shan wuta ne kai tsaye daga magineto, wutar da take kai da komo, don haka ƙwan LED yakan yi ta ƙifce-ƙifce ko ya ƙone idan ba a ba shi wuta ta batir ba. A auna batir da mita tukuna: cikakken batir mai volt 12 yana nuna wajen volt 12.6, idan inji yana aiki kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Yanke ƙashin babur domin a gajarta bayansa kuwa ba na yi, domin nauyin mahayi da na shokazoba a kansa yake, kuma waldar gida ba abin da zan ɗora rayuwata a kai ba ne. Duk sashen asali da na cire nakan shafa masa mai na ajiye, saboda idan sauyin bai yi daɗi ba, da shi za a koma, kuma mai saye na gaba yakan tambaye shi.