Lokacin da waya da laptop suka ƙi ganin juna

Jama'a, tura bidiyo daga waya zuwa laptop ba tare da kebul ba ya ba ni aiki a makon nan, kuma na gano galibin matsalar daga kwamfutar take.

Da Bluetooth na fara. Na'urorin sun haɗu lafiya lau, amma duk abin da na tura sai ya gaza. Ashe a Windows sai ka buɗe wurin karɓar fayil a saitin Bluetooth, ka bar shi yana jira, sannan ka tura daga wayar. Ko ya yi aiki ma, na hoto ɗaya ko biyu ne. Babban bidiyo kam zai cinye maka yini.

Sai na koma Quick Share, manhajar tura fayil tsakanin na'urorin da ke kusa da juna, wadda Google ke kira Nearby Share kafin 2024. Nan ma kwamfutar ta ƙi bayyana, kuma wannan ya fi ba ni haushi, domin babu wani saƙo da zai gaya maka dalili. Na kashe VPN (manhajar da ke ɓoye hanyar da intanet ɗinka ke bi), shiru. Daga baya na lura wayar na kan Wi-Fi na baƙi, wanda rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi) kan hana na'urorin da ke kansa ganin juna. Ita kuma kwamfutar ta ɗauki intanet ɗin a matsayin na jama'a, don haka ta ɓoye kanta.

Da na gyara waɗannan, na ɗora wayar da kwamfutar duka kan 5 GHz, wato zangon Wi-Fi mai sauri, bidiyon ya wuce cikin 'yan mintuna.