Yadda muka yi shirin kai ɗiyarmu asibitin sankarar ido a Ingila

A duk faɗin Birtaniya asibiti biyu ne kacal ke kula da sankarar idon ƙananan yara, wadda likitoci ke kira retinoblastoma: Royal London a birnin Landan, da asibitin yara na Birmingham. Mu da muke zaune a Bradford, Birmingham aka tura mu. A lokacin ban cika shekara a ƙasar ba, ban ma gama sanin lambobin motocin bas na unguwarmu ba.

Mun zo ne a 2023 daga Zariya, maigidana ya samu aikin kula da tsofaffi, ni kuma na biyo shi da yara biyu. Ƙaramar tana da shekara ɗaya da 'yan watanni lokacin da na fara ganin wani farin ƙyalli a tsakiyar idonta na hagu, musamman a hoton da aka ɗauka da hasken waya, kamar idon kyanwa da dare. Na tura wa Inna hoton, ta ce hakiya ce, a yi mata tofi a sa mata kwalli. Likitan unguwa, wanda a nan ake kira GP, ya haska idon, ya ce bai ga jan hasken da ya kamata ya dawo daga bayan ido ba. Cikin makon aka gan mu a sashen ido, daga nan kuma aka ce sai Birmingham.

Abin da ya fara faɗo mana a rai kuɗi ne. A bizarmu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba mu da haƙƙin cin tallafin gwamnati, don haka muka kwana muna lissafin abin da za a sayar a gida. Sai da ma'aikaciyar jinya ta sashen ta bugo waya muka samu natsuwa: magani a asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar, ba ya cikin wannan tallafin da aka hana mu, kuma masu irin bizar aikin lafiya da iyalansu an ɗauke musu ma kuɗin lafiyar da sauran baƙi ke biya. Ita ce ta ba mu labarin fom ɗin HC1, wanda mai ƙaramin albashi ke cikewa don a taimaka masa da kuɗin mota zuwa asibiti. Ta ce mu riƙa adana kowane tikiti. Kuɗin jirgin ƙasa a nan ba wasa ba ne, wanda aka saya ranar tafiya yakan fi wanda aka saya tun da wuri tsada nesa ba kusa ba.

A gida, idan aka ce za a kwantar da yaro, na san abin da za a shirya: tabarma, buta, kular abinci, da mai jinya. Kafin ka farga an samu gwaggo ko yaya da ta naɗe zaninta ta ce ita za ta kwana. A nan shirin takarda ne da agogo. Wasiƙar da aka aiko mana ta ce za a sa yarinyar barci kafin a duba idon, domin ɗan shekara ɗaya ba zai tsaya a leƙa bayan idonsa yadda ake buƙata ba. Saboda maganin barcin, a daina ba ta abinci da madarar gwangwani awa 6 kafin lokaci, nono awa 4, ruwa zalla kuma har kusa da shiga. Na karanta wannan layin na maimaita, domin ɗiyata ba ta san wani lallashi ba sai nono. Ma'aikaciyar ta yi mini bayani cewa idan akwai abu a ciki yana iya dawowa ya shiga huhu yayin da yaro ke barci, kuma idan aka saɓa lokacin dole a ɗage aikin. Sai na tsara daren: na tashe ta ta sha ta ƙoshi daidai iyakar da aka ba mu, na saka zanin goyo a saman jaka, don na san goyo ne kaɗai zai riƙe ta a awannin yunwar nan.

An ce mu zo da jan littafin lafiyar yaro da ake ba kowace uwa a nan, na haɗa da katin rigakafinta na gida. An kuma tambaye mu tarihin dangi: ko an taɓa samun yaron da aka cire wa ido, ko wanda ya rasu yana ƙarami da ciwon ido. Wannan tambayar ta fi komai wuya. Mu ba ma tone-tonen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, yaro in ya rasu sai a ce kwana ya ƙare. Amma likitoci na da dalili. Cutar tana tasowa ne daga tangarɗa a wata ƙwayar gado da ake kira RB1, kuma kusan 4 cikin 10 na masu ita suna ɗauke da nau'in da kan bi jini. Shi ya sa aka ce za a duba idon yayanta, da nawa da na babansu, a kuma ɗebi jininta.

Maigidana ne ya kira mahaifiyarsa. Ina jin sa yana cewa, “Hajiya, ki yi haƙuri da tambayar, likita ne ya nema.” Ta yi shiru, sannan ta ce za ta tambayi yayarta. Da ya gaya mata cewa an ce mu shirya zuciya, idan ƙarin ya yi girma mai yiwuwa a cire idon, sai ta ce, “Ku dawo mini da jikata, kada ku bari a taɓa mata ido.” Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ni ma abin da zuciyata ke faɗa ke nan. Amma na riga na ji daga bakin likita cewa a Birtaniya yara 40 zuwa 50 ke kamuwa da wannan cuta a shekara, kuma fiye da 9 cikin 10 suna warkewa, saboda ana kama ta tun tana cikin ido. Idan aka jinkirta takan bi jijiyar gani ta nufi ƙwaƙwalwa. Na tuna yaran da nake gani a gida da ido ya kumbura ya fito waje, ana yawo da su daga wannan mai magani zuwa wancan. A ganina jinkirin da ƙauna ke jawowa ya fi cutar kanta kisa, kuma na gaya wa Hajiya haka cikin ladabi, ina kuka tana kuka.

Na nemi tafinta, duk da ina jin Turanci. Haƙƙin majinyaci ne kuma kyauta ne, ba na son in sa hannu a takardar yarda da aiki a jikin ɗiyata da rabin fahimta. Ta waya aka samo mai jin Hausa. Na rubuta tambayoyina a littafi tun a gida: ɗaya idon lafiya yake? Za a iya ceton wannan da allurar kashe sankara, ko ƙona ƙarin da haske, ko daskarar da shi? Idan an cire, yaushe za a sa na roba? A nan likita ba ya jin haushin tambaya, shi ne ma ke cewa ko akwai saura. Wanda ya yi kawaici irin namu zai fito da tambayoyinsa a ciki.

Sai batun wanda zai riƙe babban. Ba mu da kowa. Wata maƙwabciyarmu 'yar asalin Pakistan, wadda ba mu wuce sallama a bakin ƙofa ba, ita na ƙwanƙwasa wa ƙofa da kunya ta. Ban gama bayani ba ta ce in kawo shi da kayan makarantarsa. Matan Hausawa da muke haɗuwa a wani zauren WhatsApp suka yi karo-karo, wata 'yar Damagaram da ke zaune a Birmingham ta ce mu sauka a gidanta daren jajibiri, don kada mu dogara da jirgin asuba daga Leeds, birnin da ke kusa da Bradford, tafiyar kusan awa biyu. Ƙungiyar CHECT, mai tallafa wa iyalan masu wannan cuta, ta aiko mana da bayanai da hotunan yaran da ke da idon roba suna wasa a makaranta. Waɗannan hotunan na tura wa Hajiya.

Binciken ya nuna idon dama lafiya lau, na hagu kuma ƙarin ya cika shi, ganin ya riga ya tafi. Muka sa hannu aka cire. Yanzu muna jiran idon da za a yi mata daidai da launin nata, kuma za a ci gaba da sa ta barci lokaci-lokaci ana duba na daman. Sakamakon gwajin jini bai fito ba tukuna. Kafin ya fito, Hajiya da kanta ta sa ƙanin maigidana ya kwashi yaransa uku ya kai su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna a duba su.