Wayar kamfani ta fi ni sanin inda nake

Ina wata na uku a Nima, wata unguwa a Accra ta Gana, wani ɗan garinmu na Maraɗi ya tsaya mini na samu aikin kai saƙo a babur. Ranar farko aka miƙo mini hular kwano, akwatin baya da waya. Mai kula da mu, haifaffen Zango ne mai irin Hausarsu ta "mace ya zo", ya ce, "Ƙanena, wayar nan idonmu ne. Kar ka kashe shi."

Ashe da gaske yake. A allon kwamfutarsa kowannenmu ɗigo ne mai yawo a taswira. Ɗigo ya tsaya minti biyar, sai kira. Cunkoson shataletalen Sakul, inda ƙananan motocin haya da ake kira tarotaro ke cakuɗewa da 'yan talla, ba ruwan taswira da shi. Ta san dai ka makara.

Adireshi kuma wata wahalar ce. Tun 2017 Gana ta fito da GhanaPost GPS, kowane wuri da lambarsa, amma mai kaya sai ya ce maka "bayan mai waake, kusa da cocin nan." Kana neman cocin, mintuna na tafiya.

Cikin sati shida na zama na biyu wajen sauri. Na kuma daina gaisuwa. Ni da aka rena a gidan da ba a wuce babba sai an rusuna, na koyi ajiye kaya a bakin ƙofa in juya. Wata Hajiya a Mamobi, ƙafa ta kumbura, ta ce, "Ɗana, ɗan shigar min da shi ciki mana." Na dubi wayar kafin na dube ta. Na shigar, amma har yau kallon nan na damuna.

Abokan aiki kowa da dabararsa. Wani kan danna "an kai" tun yana kwanar layi. Wasu na keta jar danja, maki na hawa, ofis na yabo.

Ranar Juma'a na ajiye babur a babban masallacin Kanda, na sa wayar a shiru. Bayan sallama na tarar da kira bakwai. Da yamma na sami mai kula da mu a ofis.

"Yaya, ai ka ga inda ɗigon ya tsaya."

Ya yi shiru, ya ce shi ma wani allon ke kallonsa daga sama. Sai ya buɗe jadawali, ya rubuta mini hutun awa ɗaya duk Juma'a, ba biya.