Macron na da soja amma ba shi da majalisa

Tun da Nijar ta sallami sojojin Faransa a ƙarshen 2023, kusan kowa nan Sakkwato ya zama masanin Faransa, kuma yadda ake maganar Macron sai ka ɗauka wani sarki ne mai wuƙa da nama a hannu, abin da ya ce shi kenan. Ni abin har dariya yake ba ni, don bawan Allah nan a gidansu ko kasafin kuɗi bai iya fitarwa sai da lallashi da roƙo.

Shi ya jawo ma kansa. Watan Yunin 2024 jam'iyyar Marine Le Pen ta lallasa tashi a zaɓen majalisar Turai, daren nan ya fito talabijin ya ce ya rusa majalisar dokoki a sake zaɓe, wai a tunaninsa mutane za su tsorata su rugo wajensa. Ina! Majalisar nan kujera 577 gare ta, sai kana da 289 za ka ce kai ke da rinjaye, to da anka ƙirga babu wanda ya ko kusa. Ta rabu gida uku, ga haɗakar masu neman sauyi da su Jean-Luc Mélenchon, jagoran ɗaya daga jam'iyyunsu, ke ciki, ga mutanen Macron a tsakiya, ga su Le Pen masu ƙyamar baƙi, kuma kowane ɓangare ya gwammace a rasa da ya haɗa kai da ɗan'uwansa.

Tsarin nasu ba irin namu ba ne. Kundin da Janar De Gaulle ya kawo a 1958 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa firaminista, amma majalisa na iya tuɓe shi da ƙuri'ar rashin amincewa, kuma firaministan ne ke riƙe da gwamnati ta yau da kullum. In shugaba na da rinjaye firaminista yaronsa ne, in ba shi da shi kuwa sai wahala. Ya naɗa Michel Barnier, wata uku kacal sunka kayar da shi a Disambar 2024 da ƙuri'a 331, abin da rabon da a gani tun 1962. Ya kawo Bayrou, shi ma Satumbar 2025 ya faɗi. Sai Lecornu, wanda ya sanar da ministocinsa da dare, gari na wayewa ya aje aiki, kafin sati ya zagayo Macron ya sake naɗa shi, don Allah wane irin abu ne wannan. Kuma don ya tsira sai da ya yarda a jingine dokar fansho, wadda ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, dokar da Macron ya tura da ƙarfin tsiya a 2023 ta hanyar sashe na 49.3 na kundin tsarin mulki ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba, mutane sunka yi ta zanga-zanga wata da watanni. Mu da munka saba shugaba ya aika takarda majalisa a ce masu goyon baya su ce eh, wannan sai ya zama mana kamar almara.

Amma fa kar a ruɗe, akwai wurin da hannunsa bai mutu ba. Shi ne babban kwamandan askarawa, makamin nukiliya na hannunsa, kuma in ya tura soja waje majalisa sanar da ita kawai ake yi, sai abin ya wuce wata huɗu ake neman yardarta. Shi ya sa za ka ga a gida an ɗaure shi amma kullum yana jirgi, yau maganar Yukren, gobe ya amince da ƙasar Falasɗinu a Majalisar Ɗinkin Duniya kamar yadda ya yi a Satumbar 2025. Kuɗin sayen makaman dai dole ta hannun majalisar nan za su bi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda Faransawa ke kallon ƙawancen soja. A 1966 De Gaulle ya fitar da Faransa daga ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta NATO, ya ce sojojin Amurka su kwashe kayansu su bar mai ƙasa, har hedikwatar ƙungiyar sai da ta koma Beljiyam. Sai 2009 Shugaba Sarkozy ya mayar da su. Shi kansa Macron a 2019 ya ce ƙwaƙwalwar NATO ta mutu, Mélenchon na son a fita gaba ɗaya, ita ma Le Pen a kamfen ɗin 2022 ta ce za ta fitar da su daga rundunar. Wato mutanen da ba su yarda da komai tare ba, a nan bakinsu ya kusa zama ɗaya, ba su son sojan wani ya zauna masu ƙasa yana ba su umarni. To mi ya sa da Mali da Burkina da Nijar sunka faɗi irin wannan magana sai ta zama rashin kunya? Ba wai ina goyon bayan juyin mulki ba ne, ko kaɗan, kuma har yau ban ga tsaron da anka yi alkawari ba, amma hujjar korar dai daga littafin De Gaulle aka ɗauko ta.

Mu nan mun ɗanɗana abin a jikinmu. Da ECOWAS ta sa takunkumi bayan an kifar da Bazoum a Yulin 2023, anka rufe bodar Illela, tireloli sunka yi layi kaya na lalacewa a ciki, mai ɗiya aure a Konni sai ya bi ta daji bisa babur kafin ya gan ta, anka yanke masu wuta, har ana maganar yaƙi da mutanen da kakanninmu ɗaya. Majalisar dattawanmu ma a lokacin ta ce a bi ta sulhu, wannan kam sun kyauta. Daga baya Janar Tiani ya fito da Hausa a Disambar 2024 yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnati ta ƙaryata, amma ka je wurin mai shayi ka ji, rabin mutane har gobe sun yarda da shi.

Wa'adin Macron zai ƙare 2027 kuma doka ba ta ba shi damar tsayawa karo na uku a jere ba. Masu murnar tafiyarsa su tambayi ɗalibanmu da 'yan Nijar da ke zaune Faransa yadda suke ji in an ambaci su Le Pen, don jam'iyyarsu tana cikin na gaba-gaba, kuma wanda duk ya hau, sojan da nukiliyar hannunsa za su koma ko yana da majalisa ko ba shi da ita.