Tafkin Powell da lissafin tsayin ruwansa

Mutanen Zariya sun san yadda wutar lantarki ke ƙara tsinkewa idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya a Shiroro da Kainji. Tafkin Powell na Amurka, wanda madatsar Glen Canyon ta tare a kan kogin Kolorado tun 1963, ya fi bayyana yadda lissafin yake, domin kullum ana auna tsayin ruwansa da ƙafa daga matakin teku.

Idan ya cika taf, yana kan ƙafa 3,700. Sai a 1980 ya fara kaiwa nan, shekara 17 bayan rufe ƙofofin madatsar. A ƙafa 3,490 ruwa ya kusa sauka ƙasa da bakin bututun da ke kai shi ga injuna takwas na madatsar. Iska za ta fara shiga, kumfa ya riƙa cin ƙarfe, dole a kashe injunan. A ƙafa 3,370 kuwa ruwa ba zai iya fita da kansa ba sam. Shi ya sa hukumar da ke kula da madatsar take ƙoƙarin kada ya gaza 3,525, a bar tazarar ƙafa 35.

Abin da mutane ke mantawa shi ne siffar kwazazzabon da tafkin yake ciki. Kamar mazurari yake, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Ƙafa ɗaya a sama tana ɗauke da ruwa mai yawa, ƙafa ɗaya a ƙasa kuwa ɗan kaɗan ne, don haka da zarar ya yi ƙasa, saukarsa na ƙara sauri. A watan Afrilun 2023 ya taɓa kusan ƙafa 3,520, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na cikarsa ba. Kafin nan, a 2022, sai da aka rage abin da ake saki zuwa ƙasa, aka kuma ƙaro ruwa daga tafkin Flaming Gorge da ke sama. A ganina wannan rance ne kawai, don ruwan tafkin daga ƙanƙarar duwatsun Roki yake zuwa tsakanin Afrilu da Yuli, kuma yarjejeniyar rabon ruwan kogin Kolorado ta 1922 ta raba wa jihohin Amurka bakwai fiye da abin da kogin ke kawowa a yawancin shekaru.

Ga kuma laka. Binciken da aka fitar a 2022 ya nuna ta cinye kusan kashi 7 cikin ɗari na cikin tafkin daga 1963 zuwa 2018. Wanda ya san halin da madatsar Kubanni ke ciki a Samaru ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Masu zuwa shaƙatawa su ma da wannan adadi suke tsara tafiya. Gangaren siminti da ake tura jiragen ruwa a Wahweap da Bullfrog, tashoshin jiragen ruwa na bakin tafkin, yana da iyakar tsawo. Ruwa na sauka, ƙarshensa sai ya tsaya a tudu, a rufe shi ko a ƙara masa tsawo. Duwatsun da dā ke nutse sukan taso dab da fuskar ruwa su farfasa farfela, taswirar bara ba ta da amfani bana. Mai fita da jirgi kuma dole ya wanke shi, ya tsiyaye ruwan cikinsa, ya bar shi ya bushe, saboda wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo kamar dodon koɗi da suka mamaye tafkin, masu toshe bututu idan aka kai su wani ruwan.