An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A ƙasar nan duk lokacin da naira ta zube ba a daɗewa sai an samo mai laifi, kuma kusan kullum a cikin waya ake samo shi. Yau shafin intanet ne da ke wallafa farashin dala, gobe 'yan kirifto masu hada-hadar kuɗin intanet, jibi yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS. Ni kayan waya nake sayarwa a Farm Centre da ke Kano: caja, batir, fawa bank, iyafis, gilashin kare fuskar waya. Da wuya ka ɗaga abu ɗaya a shagona da aka ƙera a Najeriya. Daga Sin suke zuwa, kuma da dala ko yuwan ake biyan kuɗinsu. Saboda haka farashin canji shi ke yanke mini hukunci ko zan ci riba a kwalin caja, ko kuwa zan sayar da shi a kuɗin da ba zai sake sayo mini irinsa ba. Abin da shekarun nan suka tabbatar mini shi ne an bar jaki ana dukan taiki, kuma masu dukan sun fi kowa sanin inda jakin yake.

Mu fara da abokiFX. Shafi ne da ke tattaro farashin dala, fam da yuro daga kasuwar bayan fage ya wallafa kowace rana. A da, da safe kafin in buɗe shago sai na leƙa shi, kamar yadda dubban 'yan kasuwa ke yi. A watan Yulin 2021 Babban Bankin Najeriya ya daina sayar wa 'yan canji dala kwata-kwata. Dala ta yi ƙaranci a kasuwa, farashinta ya tashi daga wajen naira 500 zuwa kusan 570 cikin makonni. A watan Satumba sai gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya fito gaban 'yan jarida ya zargi shafin da murɗa farashi, ya yi alwashin bin sawun mai shi. Shafin ya dakatar da wallafa farashi. To, me ya biyo baya? Muka koma yadda iyayenmu ke yi: a buga waya Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, a tambaya nawa take yau. Zaurukan WhatsApp suka cike gurbin cikin kwana biyu. Shekara ɗaya bayan haka dala ta haura 700. An toshe bakin mai ba da labari, labarin kuwa bai sauya ba.

Abin da ke cin naira ba ɓoyayye ba ne, kuma ba sai ka yi digiri kafin ka gane shi ba. Kusan dukkan dalar da ƙasar nan ke samu daga kayan da take fitarwa ta ɗanyen mai da iskar gas ce. A tsakiyar 2014 ganga tana sama da dala 100. A farkon 2016 ta faɗo ƙasa da 30, kuma a shekarar ce tattalin arzikin Najeriya ya shiga karaya. Da farashin ya farfaɗo a 2022, sai satar mai da fasa bututu suka sa abin da ake haƙowa ya taɓa sauka ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana. Ɗan abin da ya shigo kuma ya tafi wajen tallafin fetur ɗin da ake tacewa a ƙasashen waje a dawo mana da shi. Wannan ɓangaren dala kenan.

Ɓangaren naira ya fi ba ni takaici. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ba shi damar ranta wa gwamnatin tarayya kuɗi na ɗan lokaci, amma kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. An keta wannan iyaka shekara da shekaru, har bashin ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a watan Mayun 2023 a mayar da shi bashin shekara 40. Wannan kuɗi ba haraji ba ne da aka karɓa, ba kuma ribar wani abu da aka sayar ba. Ƙirƙirar sa aka yi aka zuba a kasuwa. Naira ta yawaita, dala ta ragu, buhun masara kuma bai ƙaru ba. Wane shafin intanet ne ya sa hannu a wannan takarda?

Sannan ga batun farashi biyu, wanda mu ƙananan 'yan kasuwa muka ɗanɗana a jikinmu. A ƙarshen mulkin Buhari farashin gwamnati yana wajen naira 460 kan dala, na kasuwa kuwa wajen 750. Duk wanda ya samu dala miliyan ɗaya a farashin farko ya juya ta a na biyu ya tashi da kusan naira miliyan 300 ba tare da ya ɗaga tsinke ba. Irina ba ma cikin masu samu. Mukan cike takardu mu jira har kaya su ƙare a shago. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka dakatar da shi gaba ɗaya. Dala 20 ba ta sayen rabin kwalin batir. A Fabrairun 2021 kuma aka hana bankuna hulɗa da duk mai harkar kirifto. A lokacin, mai son biyan dillalinsa a birnin Guangzhou na Sin yana da hanya biyu: ko ya kai naira Wapa, ko ya sayi USDT, kuɗin kirifto mai darajar dala, ta hanyar cinikin mutum da mutum da ake kira P2P ya tura cikin minti biyar. Mutane ba don sha'awar sabon abu suka koma can ba. Ƙofar gaba aka rufe musu.

Da Shugaba Tinubu ya hau a 29 ga Mayun 2023 ya cire tallafin fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Ni ban ga laifin haɗe farashin wuri guda ba, domin wancan tsarin ciyar da masu hanya ne kawai. Amma an saki naira ba tare da dala a ƙasa ba, ga kuma bashin alkawuran dala na kusan biliyan 7 da Babban Banki bai biya ba. A watan Fabrairun 2024 dala ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage. A lokacin sai da ta kai muna sauya farashi tsakanin azahar da la'asar.

Sai aka samo mai laifi: Binance, kamfanin cinikin kirifto. Aka toshe shafinsa, sabon gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, ya ce dala biliyan 26 ta ratsa ta kamfanin a Najeriya cikin shekara guda ba a san masu ita ba. Jami'an kamfanin biyu da suka zo Abuja tattaunawa, Tigran Gambaryan da Nadeem Anjarwalla, aka tsare su. Anjarwalla ya tsere a watan Maris, Gambaryan kuwa ya zauna a gidan yarin Kuje har zuwa Oktoba kafin a janye tuhumar da ake masa a sake shi. A farkon Maris kamfanin ya cire naira daga manhajarsa, a lokacin kuma aka soke lasisin kamfanonin canji 4,173, aka riƙa kai samame Zone 4, cibiyar 'yan canji a Abuja.

Ba wanke Binance nake yi ba. A watan Nuwamban 2023 kamfanin ya amsa laifi a Amurka kan karya dokokin hana halatta kuɗin haram, ya amince da biyan tarar dala biliyan 4.3, shugabansa ya sauka. Kamfanin da ke cin riba da 'yan Najeriya ya kamata ya yi rajista ya biya haraji a nan, kuma na san akwai masu saka farashin ƙarya a P2P don su ja kasuwa sama. A hukunta su. Amma a duba abin da ya faru daga baya. A watan Afrilun 2024 naira ta yi ƙarfi har dala ta sauko kusa da 1,100, mutane suka ce kun gani, ashe Binance ne. Wani dattijo ɗan canji da nake hulɗa da shi tun ina yaron shago ya ce mini, "Ɗana, kada ka yi saurin murna. Kuɗin ruwa aka ɗaga, kuɗin baƙi ne suka shigo cin riba, kuma baƙo ba ya zama." Na ce, "Baba, ai an kori masu ɓarnar." Ya yi dariya kawai. Gaskiya ne an ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a Fabrairu, sannan 24.75 a Maris, an kuma sanar da biyan bashin dalar da aka tantance. Kafin ƙarshen Mayu dala ta koma wajen 1,500, a ƙarshen shekara ta haura 1,600, alhali babu naira a Binance tun tuni.

Haka aka yi wa masu POS a lokacin sauya fasalin kuɗi. A watan Oktoban 2022 aka sanar za a sauya takardun 200, 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. An kwashe tsofaffin kuɗi daga hannun jama'a, sababbin kuma ba a buga isassu ba. Aka ce kowa ya koma tiransfa. Sai dai netwok ɗin bankuna bai iya ɗaukar nauyin ba: a cire maka kuɗi, mai kaya bai ga alat ba, ku tsaya kuna kallon juna. Na ga mace da kuɗinta a asusu ta kasa sayen maganin ɗanta. Na ga mai kayan miya ya zubar da tumatir saboda ba shi da asusu, masu saye kuma ba su da tsaba. A ƙauyukan da babu reshen banki ko ɗaya, mutum ya kai akuya kasuwa ya karyar da ita don kawai ya riƙe takarda a hannu. Sai da gwamnonin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. A tsakanin nan wa aka fi zagi? Mai POS, saboda yana cajin naira dubu ko fiye a kan dubu goma. Wasunsu sun yi zalunci, ba na musu. Amma da yawa su ma sayen tsabar suke yi daga gidajen mai da manyan shaguna, ko su kwana a layin banki. Shi ne fuskar da talaka ke iya gani, shi ya sa ya sha zagin da ya kamata ya wuce shi zuwa sama. Kuma a ƙarshe ƙananan manhajojin nan irin su OPay, Moniepoint da PalmPay su suka riƙe ciniki a kasuwarmu. Har mai shayi da mai rake suka liƙa lambar asusu. Ita kuwa eNaira, nairar intanet da gwamnati ta ƙaddamar da gagarumin biki a Oktoban 2021, ban taɓa samun mai saye da ya ce zai biya ni da ita ba.

Akwai abin da waya ke yi wanda ba zan ɓoye ba: tana gaggauta tsoro. A da, kafin labarin tashin dala ya bar Wapa ya isa Kantin Kwari, Singa da Dawanau, ya kuma tsallaka Jibiya zuwa Maraɗi, sai an ɗauki lokaci. Yanzu hoton fuskar waya ɗaya ya isa, ko gaskiya ne ko ƙarya. Kowa ya ruga ya sayi dala don kada ya makara, rububin kuma ya ƙara tashin ta. Mu 'yan kasuwa muna da namu kason: dala ta hau da safe mu ƙara kuɗi kafin azahar, ta sauko mu ce tsohon kaya ne a hannu. Wannan hali ne da za mu amsa tambaya a kansa gaban Allah, kuma ba gwamnati ce ta koya mana shi ba. Amma malamin makarantar da ya mayar da ɗan abin da ya tara zuwa dala 100, bayan ya ga hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a 2024, ban ɗauke shi maƙiyin ƙasa ba. Guminsa yake karewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda waya ke zama makamin cuta da gaske, can ne hukuma ke makara. MMM, harkar damfara ta zuba-kuɗi-a-ninka-maka, ta yi ta tara kuɗin mutane a bainar jama'a har ta daskarar da asusu a Disamban 2016. Irinta CBEX ta yi ta talla a WhatsApp da Telegram da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda har ta rufe a Afrilun 2025, ta bar iyalai cikin kuka. Manhajojin bashi na gaggawa suna kwashe lambobin wayar mutum su tura wa surukansa saƙon cin mutunci. A nan ne ake buƙatar saurin da aka nuna wajen rufe shafin da ke faɗin farashin dala.

A farkon 2024 Cardoso da kansa ya bayyana cewa binciken da kamfanin binciken kuɗi na Deloitte ya yi ya gano kusan dala biliyan 2.4 daga cikin bashin biliyan 7 ɗin nan ba su da inganci: akwai kamfanonin da babu su, akwai waɗanda aka ba fiye da abin da suka nema, akwai marasa takardun shigo da kaya. Wasu ne suka cike waɗannan takardu, wasu suka sa musu hannu, a daidai lokacin da mu muke layi muna neman dala dubu biyu ta halak ba mu samu ba. Sunan Gambaryan har yaran shagona sun haddace shi saboda yawan jin sa a rediyo. Ina so a wallafa sunayen waɗannan kamfanoni da na jami'an da suka amince musu, a gurfanar da su a buɗe, mu karanta a wayoyinmu ranar da za a fara shari'ar.