Makullin da ya ɓace bai mutu ba: wasiƙa daga Burusel zuwa masu motoci a Yamai da Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina gajiya, ina zafi, ina iyali?

Daga unguwar Heyvaert ta Burusel nake rubuto muku, inda shekara da shekaru ake tara motocin hannu kafin a kai su tashar Anvers, jirgin ruwa ya sauke su a Lome ko Kwatano. Da yawan motocin nan da makulli ɗaya tak suke barin nan. Na biyun ko ya maƙale a gidan Baturen da ya sayar, ko ya salwanta tsakanin dillali da dillali. Wannan ɗayan ne ake ta yawo da shi a aljihun riga, a miƙa wa mai wankin mota, a bar wa yaron gareji, har ranar da za a laluba a ji wayam.

Ku fara sanin irin makullin da ke hannunku, don kuɗin da za ku kashe a kansa ya rataya. Tsofaffin Starlet da Corolla irin na taksi, da yawansu ƙarfe ne zalla: mai yankan makulli ya ɗora a injinsa, minti biyar an gama. Amma tun 1998 doka ta wajabta wa sababbin motocin Turai abin da ake kira antidemaraj, wato tsarin da ke hana mota tashi da makullin da ba ta sani ba. A cikin baƙar robar kan makullin akwai wata ƴar ƙwaya, wata kamar ƙwayar shinkafa ta gilashi, wata baƙa kamar gutsuren gawayi. Ba ta da batir. Akwai zoben waya kewaye da ramin kwantak. Da ka murɗa, zoben ya ba ta wuta, ta faɗi lambarta, ƙwaƙwalwar mota ta duba ko ta san lambar. In ba ta sani ba, sai ta hana fetur ko tartsatsi. Shi ya sa za ka ga an yanko makulli a kasuwa, ya buɗe ƙofa, ya murɗa kwantak, inji ya yi ta gurnani bai tashi ba, ko ya tashi daƙiƙa biyu ya mutu, wata ƴar fitila tana ta ƙiftawa a tabulo. Ba famfon mai ba ne, kada a kwance muku shi a banza.

In kana shakka, naɗe kan makullin da takardar alminiyam ninki uku, ka rufe shi ruf, ka gwada tayarwa. Ta tashi, babu ƙwaya. Ta ƙi, akwai. Motocin Amurka da na Dubai sai an gwada haka, don ba duka ke da ita ba; Amurka ba ta taɓa wajabta ta ba, abin da ya jawo wa wasu Kia da Hyundai na 2011 zuwa 2021 sata ba ƙaƙƙautawa a can. Masu Toyota kuma su duba ƙarfen makullin kusa da robar: ɗigo, ko harafin G, ko H. Ƙwayoyi ne daban-daban, ɗaya ba ta shiga madadin ɗaya, kuma ta H, wadda ta zo daga baya, ta fi wuya da tsada.

Maganar kuɗi. A nan, makulli mai rimot na mota madaidaiciya a wurin wakilin kamfani yakan kama yuro 150 zuwa 300. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ke nan kusan jika 100 zuwa jika 200. Wanda ba a sa shi a rami, sai dai a danna maɓalli mota ta tashi, yakan kai ninki biyun haka. A gida ladan aiki ya fi sauƙi, amma kayan daga waje suke zuwa, saboda haka ku ce a rarrabe muku farashin: nawa ne makullin kansa, nawa yankan ƙarfe, nawa shigar da shi a ƙwaƙwalwa. Wanda ya ƙi rarrabewa, akwai abin da yake ɓoyewa.

Babban bambancin yana tsakanin mai makulli ɗaya a hannu da wanda ya rasa duka. Mai ɗaya, aikin rabin awa ne: a jona na'ura a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ake ce wa OBD, tsohon makulli ya shaidi sabo, shi ke nan. Wanda ya rasa duka kuwa, sai a fara da buɗe ƙofa. Gwani ba ya fasa gilashi, ba ya lanƙwasa ƙofa da sukundireba; yana da ɗan ƙarfen da ke shiga ramin makulli ya karanto zurfin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ko ya ciro kwadon ƙofa ya karanta. Daga nan a yanka ƙarfe, sannan a koma kan ƙwaƙwalwa, inda wahalar take. Wasu Toyota sai na'ura ta jira minti 16 cur kafin motar ta yarda ta manta da tsofaffin makullai. Wasu tsofaffi na wajen 2000 ba sa yarda ta OBD sam, sai an ciro akwatin ƙwaƙwalwar, an ɓamɓaro wani ɗan guntu mai ƙafa takwas an sake rubuta shi. Peugeot da Citroën suna neman lambar sirri mai alama huɗu, wadda take kan wani kati da aka ba mai motar na farko, katin da kusan bai taɓa isowa Yamai ba. In aka yi ta cankar lambar ana kuskure, motar ta kulle kanta na wani lokaci. Sababbin Marsandi kuma sai dai a yi odar makulli da lambar shasi ta hannun wakilin kamfani, a zauna jira. Ga na Tawa, ƙara da kuɗin ɗauko mai na'ura, ko na ɗora motar a kai ta Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500. Kuma duk wannan aiki kada a fara shi da batir mai rauni. Wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwa ta rikice, a nan ne kuɗin makulli ke komawa kuɗin rago biyu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makullin da ya faɗi a kasuwa ko a wurin biki yana nan da ransa. Motarka ta san shi, kuma za ta tashi da shi ko bayan shekara biyar. Wanda ya tsinta, in mai rimot ne, ba ya buƙatar sanin motar: ya bi layin motoci yana dannawa har wata ta ƙifta masa fitila. Saboda haka yin sabo rabin aiki ne. Dole ka ce a goge ɓataccen daga ƙwaƙwalwa, ka kawo duk makullan da suka rage a sake shigar da su tare, ka kuma tsaya a nuna maka a fuskar na'ura adadin makullan da motar ta sani. Biyu a hannunka, biyu a na'ura. In ta nuna uku, akwai na ukun a hannun wani. Wannan dubawa ta dace da duk motar da aka sayo ta hannu, ko ba a yi ɓatan komai ba.

A nan ne kwafi ke cutar mutane. Akwai hanya mai arha da ake kwafe lambar tsohuwar ƙwaya a zuba a sabuwa, ba tare da an taɓa motar ba. Tana aiki, ba laifi ga mai neman na ajiya. Amma motar tana ganin biyun a matsayin makulli ɗaya; ranar da ɗaya ya ɓace ka goge shi, ka kashe ɗan uwansa ma. Kuma ka tuna wannan kwafin bai wuce aikin mintoci ba ga wanda ka bar wa makulli ka tafi masallaci.

Gogewar ma tana da iyaka: ta hana inji tashi, ba ta hana ƙarfen buɗe ƙofa ba. In kana zaton sace shi aka yi, ba faɗuwa ya yi ba, musamman in an haɗa da jaka mai kart giriz ko makullan gida, to a canza kwadunan ƙofa da na kwantak, ko a sauya jerin haƙoransu. Ka je komisariya ka karɓi takardar shaidar ɓata, ka sanar da masu inshora in kana da ta sata. Mai aikin kirki ma zai nemi ganin kart giriz da katin shaidarka, ya gwada da lambar shasi mai alama 17 kafin ya taɓa motar. Kada ka ji haushi. Wanda bai tambaye ka ba, gobe ba zai tambayi wanda ya zo da motarka ba.

Abu ɗaya nake roƙo ku ƙi, ko da an ce rabin kuɗi ne: kashe antidemaraj gaba ɗaya. Wani zai manne ƙwayar da salatif a jikin zoben kwantak ya yanko maka ƙarafa uku, wani zai sake rubuta ƙwaƙwalwa ta daina tambaya. Motar za ta tashi, gaskiya ne. Za ta kuma tashi wa duk wanda ya fasa kwantak, kamar ta 1985.

Masu makullin danna maɓalli, naku ɓarawon ba ya ma jiran ku yar. Mutum biyu ne: ɗaya ya tsaya jikin katanga da na'urar da ke jawo siginar makullin daga ɗaki, ɗaya a jikin mota. An sha yin haka a Turai. Da dare a jefa makullin a gwangwanin ƙarfe mai murfi, irin na madara, sannan a gwada: a je jikin motar da gwangwanin a rufe, in ƙofa ta buɗe, a nemi wani. In kuma mota ta ce ba ta ga makulli ba, galibi ɗan batir ɗin ne, CR2032 ko makamancinsa. Akwai ƙaramin ƙarfe ɓoye a cikin makullin na buɗe ƙofa, sai a manna makullin a jikin maɓallin a danna.

Mai sayen rimot daga waje ya duba lambar da ke bayan tsohon: na Turai galibi 433 ne, na Amurka galibi 315, kamanninsu ɗaya amma ba sa jin yaren juna. In kuma robar makulli ce ta tsage za a sauya, a shimfiɗa farin ƙyalle a buɗe ta a kai. Ƴar ƙwayar nan takan faɗo ba a gani ba, a share ta da tsintsiya.

A gaida mutanen gida.

Naku, daga Burusel.